Laulayi da allurar Sinawa: ina wurin yake a hannu?

Tambaya: Likita, cikina wata biyu, amai ya hana ni sakat. Ƙanwata da ke karatu a ƙasar Sin ta ce akwai wani wuri a hannu da ake dannawa ya lafa. Wata mata a unguwarmu kuma ta ce in je ta tsira min allura a wurin. Tsoro nake ji kada in cutar da abin da ke cikina.

Amsa: Sannu baiwar Allah, Allah ya raba lafiya. Wurin sunansa Neiguan, lambarsa PC6. Juya tafin hannunki sama, ki jera yatsu uku daga layin wuyan hannu zuwa wajen gwiwar hannu. Inda na ukun ya ƙare, tsakanin jijiyoyi biyu masu tauri da ke tasowa in kin dunƙule hannu, nan ne. Da naki yatsun za ki auna, domin ma'aunin Sinawa da jikin mai shi ake yin sa. Danna da babban yatsa minti 2 zuwa 3, ki koma ɗaya hannun. An fi tabbatar da amfaninsa ga aman bayan tiyata. A laulayi wasu na samun sauƙi, wasu ba sa samu.

Maganar matar nan kuwa, kada ki je. Kullum sai na ji wannan: wai tunda allurar siririya ce kuma ba magani a cikinta, kowa ma zai iya. Wa ya faɗa? A ƙarƙashin Neiguan babbar jijiyar da ke kai ji ga yatsu ta bi. Wanda bai san zurfi ba yana iya barin ki da hannu a sage. Allurar sana'ar nan sau ɗaya ake aiki da ita a jefar. Wadda aka tsira wa wani, aka goge da auduga aka mayar cikin gwangwani, hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau, kuma ciwon hanta nau'in B yana bin uwa zuwa jariri. A ƙasar Sin shekara 5 ake yi a jami'a, a zauna jarrabawar lasisi. Ita a ina ta koya, a bidiyon waya? Ta san cewa wasu wuraren tsira allura, kamar Hegu da ke tsakanin babban yatsa da manuni, da Sanyinjiao da ke saman idon sawu, su kansu likitocin Sin suna hana taɓa su ga mai ciki?

In ko ruwa ba ya zama miki, fitsari ya ragu ya yi duhu, ko jiri na ɗibar ki, bar danne-danne ki tafi asibiti a ranar, ƙila sai an yi miki ƙarin ruwa.