Zanen Winterhalter ya yi rawaya, in goge shi da albasa?

Tambaya: Malam, na sayi zanen fentin mai na Eugénie, matar Napoleon na Uku, a kasuwar tsofaffin kaya a Faransa. Mai shi ya ce aikin Winterhalter ne, ga sa hannu a kusurwa. Fuskar ta yi rawaya, farar rigar ta dafe, fentin ya tsattsage. An ce in goge da albasa ko dankali, in bi da man zaitun. Tsorona kada in lalata dukiya.

Amsa: Tsoron nan naka shi ya ceci zanen. Kada ka shafa masa komai tukuna.

Mu fara da mai zanen. Franz Xaver Winterhalter, Bajamushen da aka haifa a Menzenschwand a 1805 ya mutu a Frankfurt a 1873, ya yi wa fadoji aiki daga Baden zuwa Paris, Landan da Vienna. Sarauniya Victoria ta Ingila da iyalanta kaɗai ya yi musu zane fiye da 100 tun daga 1842. Hannu ɗaya ba ya iya wannan, shi ya sa ƙanensa Hermann da mataimaka irin su Albert Graefle suke fitar da kwafi. Idan naka shi ne na 1853, Eugénie a tsaye ga kambi a kan matashi, to gwamnatin Faransa ta sa masu zane da yawa sun kwafe shi domin ofisoshi da ofisoshin jakadanci, na asalin kuma ana kyautata zaton ya ƙone a gobarar fadar Tuileries a 1871. Mafi rinjaye, kwafi ka saya. Kwafin wancan zamani yana da kuɗi daidai gwargwado. Sa hannu kuwa ba hujja ba ne: duba da gilashin ƙara girma, in fentin sunan ya cike tsagar da ke ƙarƙashinsa, daga baya aka rubuta shi.

Yanzu ga albasa. Rawayar da kake gani ba datti ba ce. Ƙaron sheƙi ne, na dammar ko mastik, da ake shafawa a saman zane, iska da haske suka tsufar da shi. Albasa ba ta narkar da ƙaro. Abin da take yi shi ne ta jiƙa saman, launi ya fito na ɗan lokaci, mai gogewa ya ce aiki ya yi kyau. Ruwan kuwa ya riga ya bi tsage-tsagen ya sauka ƙasa, inda aka shafe ƙyallen da aka yi zanen a kansa da gam na fatar dabba kafin a sa farar shimfiɗa. Gam ɗin ya kumbura, zaren ƙyallen ya tsuke, fenti ya rasa wurin zama ya fara tashi ɓawo-ɓawo. Wani lokaci saman ya yi fari-fari kamar hazo saboda ruwan da ya maƙale cikin ƙaron. Ragowar albasa da sitacin dankali kuma abincin fumfuna ne da ƙwari. Masu bidiyon intanet da ke koya wannan ba sa dawowa bayan wata shida su nuna wa mutane yadda zanen ya koma.

Mai ya fi muni. Man zaitun ba ya bushewa, ƙura yake tarawa yana ratsa fenti. Man linsid yana bushewa, amma ya yi duhu ya haɗe da fentin asali, domin da shi aka kwaɓa fentin tun farko, cire shi kuma ba tare da taɓa aikin mai zane ba abu ne mai wuyar gaske. Tina, sifirit da asiton su kuwa suna cire ƙaron, sai dai ba su san inda za su tsaya ba. Winterhalter da masu kwafarsa suna fitar da jan kumatu, inuwar siliki da shara-sharan tufafi ne da siraran shafe a can sama. Shafa ɗaya da auduga, fuskar ta zama allo, kuma babu gwanin da zai maido ta. Mai yin firam ko mai fentin gida da ya ce zai wanke maka shi a wuni ɗaya, karɓe kayanka.

Abin da za ka iya yi da kanka kaɗan ne. In fenti yana tashi, kwantar da zanen fuska sama, kada ko ƙura ka kaɗe. In ba ya tashi, buroshi mai taushi a bushe ya isa. Ajiye shi inda laima take tsakanin kashi 40 zuwa 60, zafi kusan digiri 20, nesa da hita, rana da kicin. Ɗauki hoton bayansa, domin tambarin mai sayar da ƙyalle da tsofaffin takardun da aka manna sun fi sa hannu faɗin gaskiya, kada ka ɓare ko ɗaya. Sannan kai wa ƙwararren mai gyaran zane mai takardar shaida. Zai haska fitilar UV, mai fito da abin da ido ba ya gani a hasken yau da kullum, tsohon ƙaro ya yi kore-kore, gyaran baya ya fito baƙi, ya gwada sinadari a ɗan wuri ƙarƙashin bakin firam, ya ba ka rahoto da farashi a rubuce kafin ya fara.