Amsar tambayar furotin mai yanka da ke jikin tantanin ƙwayar halitta

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙanwata da ta yi tambaya, wai ta samu furotin a jikin tantanin ƙwayar halitta, ta haɗa shi da wani furotin ta ga an yanka, ko ya isa ta ce sabon inzayim ne mai yanka? To ki dakata tukuna.

Ki fara tabbatarwa a cikin tantanin yake zaune, ba manne yake a gefe ba. Fasa ƙwayoyin, juya a sentirifuj (injin juyawa mai kwantar da abu mai nauyi ƙasa) a 10,000 g, zubar da tarkacen, ruwan saman kuma ki juya a 100,000 g awa 1. Abin da ya kwanta ƙasa shi ne tantanin. Ki wanke shi da sodiyam kabonet 0.1 M, pH 11.5, a kan ƙanƙara minti 30, ki sake juyawa. Mai mannewa zai bi ruwa, na ciki zai sake kwanciya. Wajen ciro shi daga tantanin, ki sa DDM, sinadari mai kama da sabulu mara ƙarfi, kashi 1 cikin 100. Kada ki sa SDS, sabulu mai ƙarfi ne, warware shi zai yi ya daina aiki.

Yanzu ga inda aka fi zamewa, ki saurara da kyau. Wannan layin guntun furotin da kika gani a jel (inda ake raba furotin bisa girma), wa ya yanka? E. coli, bakteriyar da ake samar da furotin a cikinta, na da nata masu yankan, kuma ɗan ƙiris da ya biyo ki daga kolom ɗin nikel da ake tsarkake furotin da shi ya isa ya ruɗe ki. Ki duba jerin amino asid ɗin furotin ɗinki (kowane harafi amino asid ɗaya ne, x kuma kowanne). In kin ga GxSG a cikin tantani, dangin masu yanka na romboyid ne, amino asid sirin (S ɗin) ke yankan. HExxH na masu zink ne. GxGD kuwa dangin firesenilin. Sai ki sauya amino asid ɗin da kike zargi. A GlpG, romboyid ɗin E. coli, Ser201 da His254 ne ke aikin. A mai da Ser201 alanin, yanka ya tsaya cak. Ki tsarkake na asali da wanda kika sauya rana ɗaya, hanya ɗaya, ki haɗa kowanne da furotin ɗin da ake yankawa, gefe da gefe a digiri 37 na Selsiyas, ki ɗebo a minti 0, 30, 60. In wanda kika sauya ma yana yanka, ba naki ba ne, baƙo ne.

Ko romboyid ɗin ƙuda da su Matthew Freeman suka bayyana a Kambirij a 2001, sai 2005 aka nuna yankan da tsarkakakken furotin.

Kuma wajen sinadaran hana yanka, kada PMSF ya yaudare ki, bai cika kama romboyid ba, ki gwada DCI. In kina zargin zink, 1,10-fenantirolin. EDTA, mai kama ƙarfe, kuma sai bayan kolom, don kwashe nikel ɗin zai yi.