Hukuncin buga wasan da aka gina kan "Tuffar Aljanna"

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Ina buga Assassin's Creed a kwamfuta. A cikinsa ana farautar wata ƙwallo mai haske da suke kira Tuffar Aljanna, wadda take juya hankalin mutane. Shin nemanta a wasa ya shiga sihiri?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, ta fuskar sihiri hankalinka ya kwanta. Sihirin da Allah Ya ambata a Suratul Baƙara aya ta 102 abu ne da ake koyo ana aikatawa, da surkulle da neman taimakon shaiɗanu. Wanda yake danna maɓalli bai yi ko ɗaya ba, kuma asalin wasanni halacci ne matuƙar babu caca, babu tozarta sallah.

Abin da ya dame ni daban ne. A kashin farko na wasan da kamfanin Ubisoft ya fitar a 2007, wanda aka ɗora labarinsa a ƙasar Sham a shekarar 1191, shugaban ƙungiyar Assassins da ke garin Masyaf yana cewa da wannan ƙwallo aka mayar da sanduna macizai, da ita aka tsaga teku. Wato mu'ujizar Annabi Musa (AS) ta koma dabarar na'ura da rufa-ido. Ai ita ce tuhumar da fadawan Fir'auna suka yi masa a Suratul A'araf aya ta 109, cewa masihirci ne masani, alhali Suratus Shu'ara'i aya ta 63 ta tabbatar cewa da wahayi ne ya doki teku. Kashi na biyu ya ƙara da cewa wasu halittu na da can ne suka ƙera ɗan Adam. Ko sunan tuffa ma, Alƙur'ani bai faɗi irin itaciyar da aka hana Annabi Adamu (AS) a Aljanna ba, "wannan itaciya" kawai ya ce.

Jin irin wannan zance ba ya fitar da mutum daga Musulunci idan zuciyarsa tana ƙinsa. Amma Suratun Nisa'i aya ta 140 ta hana zama inda ake kafirce wa ayoyin Allah har sai an shiga wani zancen. Don haka baligin da ya san aƙidarsa, in zai iya tsallake waɗannan wurare, an yi masa rangwame, kodayake barinsa ya fi. In ba ya tsallakuwa, ko shakka ta fara ɗarsuwa a ransa, bari ya wajaba. Yara kuwa kada a ba su shi ko kaɗan.

Wallahu a'alam.