Abin da Ya Sa Na Hana Ka Sauya Jet ɗin Nan

Yarona, jiya da muna wanke hannu ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka sa ƙaramin jet, wato 'yar ƙofar da mai ke bi ya fito, a kafiretar injin ɗan jirgin nan da muke haɗawa, alhali da idonka ka ga bakin salansa ya yi baƙi, injin kuma yana shan mai kamar ba gobe. Ka ce da babur ne da tuni ka gyara shi. Magariba ta kawo kai, ban amsa maka yadda ya kamata ba, shi ya sa na zauna na rubuta maka.

Idonka bai yi ƙarya ba, mai ya yi yawa a lokacin. Amma tuna yaushe muka tayar da injin. Ƙarfe biyu na rana ne, cikin Afrilu, zafi ya kai digiri 40. Filin jirgin Kano yana kan tudu mai kimanin ƙafa 1,560 daga matakin teku, to idan ka haɗa da wannan zafin, iskar da injin ya shaƙa daidai take da ta kusan ƙafa 5,000 a sama. Irin wannan iska ta yi sakayau, nauyinta ya ragu da kusan kashi 14 cikin 100 idan aka gwada da ta bakin teku. Ita kuwa kafireta ba ta da sikeli. Iska na gudu ta maƙogwaronta, gudun ne ke zuƙo mai daga jet, ba ruwanta da iskar nan mai nauyi ce ko fanko. Fetur yana ƙonewa tas idan an ba kowane kilo ɗaya nasa kilo 14.7 na iska, injin kuma ya fi ƙarfi wajen 12.5. Iska ta ragu, mai bai ragu daidai da ita ba, dole ka ga baƙi.

Yanzu a ce na bar ka ka sa ƙaramin jet ɗin. A wannan rana injin zai yi ta kuka mai daɗi, ka ji kamar ka gama aiki. Sai wata safiya ta hunturu, sanyi ya sauko digiri 12, iska ta yi kauri, ko kuma a kai jirgin Legas. Matuƙi ya tura totur har ƙarshe, iska ta cika silinda, jet ɗinka ya kasa ciyar da ita. A nan ne kan injin ke ɗaukar zafi, wutar cikin silinda ta daina ci a hankali ta koma fashewa, abin da muke kira nokin. A mota za ka ji shi ka ɗaga ƙafa. A jirgi ƙarar farfela ta rufe komai. Na taɓa riƙe fistan da wannan ciwo ya ci, tsakiyarsa ta rarake har ɗan yatsa na shiga, gefensa kamar ɓera ya gaigaya. Mai shi rage shan mai kawai ya so ya yi. Allah ya kiyaye, a ƙasa abin ya faru.

Shi ya sa ake zaɓar jet domin iska mafi kauri da jirgin zai taɓa gamuwa da ita. Rarar man ba asara ba ce, ita ke sanyaya wuta lokacin tashi. Jan maɓallin nan da ke kusa da totur, shi ne na rage mai, kuma ragewa kaɗai ya iya. Idan jirgi ya hau sama matuƙi zai ja shi kaɗan kaɗan ya daidaita. Amma man da jet bai bari ya wuce ba, babu maɓallin da zai ƙaro shi. Wannan ita ce maganar da nake so ta zauna maka.

Kada kuma ka ɗauka sana'ar nan ta mutanen Amurka ce kaɗai, duk da can ne masu haɗa jirgi a gida suka fi yawa. Air Beetle da sojojin saman Najeriya suka koyi tuƙi da shi, a Kaduna aka harhaɗa guda 60, kuma asalinsa RV-6A ne na kamfanin Van's, jirgin da mutane ke haɗawa a garejinsu. Injin Lycoming O-360 mai ƙarfin doki 180 ke jikinsa, irin wanda ke gabanmu.

To ta yaya ake sani idan ba da kunne ba? Sulo da sauƙi. Ka bar injin ya ɗauki zafi, ka sauke shi wajen juyi 650 a minti, sannan ka ja jan maɓallin a hankali har ya mutu, idonka a kan gejin juyin injin. Kafin ya mutu ya kamata allurar ta ɗan ɗaga da 25 zuwa 50. Idan ta wuce haka mai ya yi yawa, idan ba ta motsa ba ya yi kaɗan. Amma kafin ka taɓa sukurun daidaita man sulo, duba gasket da robobin bututun iska tukuna, don iskar da ke satar hanya ta bayan kafireta ta sha sa bakanike murɗa abin da ba shi da laifi.

Cikakken totur kuwa sai da gejin zafin hayaƙi, kuma a kan kowace silinda, ba ɗaya ba. Idan kana rage mai zafin hayaƙi yana hawa har ya kai ƙololuwa sannan ya juyo. Lokacin tashi muna so mu tsaya can ƙasa da ƙololuwar, ta ɓangaren yalwar mai, da kamar digiri 100. Kan silinda kuma kada ka bari ya saba wuce digiri 205, ko da yake jan layin Lycoming, wato iyakar ƙarshe da kamfanin ya sa, yana 260.

Dalilin da na ce kowace silinda shi ne akwatin iskar da muka lanƙwasa da hannunmu. Wanda aka yi a masana'anta an gwada shi, namu kuwa sai mun gwada. Idan iska ta shiga kafireta a karkace tana murɗawa, feshin mai zai kwanta gefe guda, silinda biyu su ƙoshi, biyu su kwana da yunwa. Mutum ya yi ta sauya jet, wannan ta gyaru waccan ta lalace, alhali ɗan faifan ƙarfe da zai miƙar da iska a cikin akwatin ne maganin. Launin fulogi ma kada ka jingina da shi sosai, dalmar da ke cikin man jirgi takan bar toka-toka ta rufe maka gaskiya.

Ƙofar iska mai ɗumi da ka ce ba ta da amfani a ƙasarmu, ita ma a bar ta a wurinta, don ita ke narkar da ƙanƙara a kafireta. Mai idan yana zama tururi a maƙogwaron kafireta yakan sauke zafin wurin da digiri 20 ko fiye, don haka cikin Agusta, da laima a iska, ƙanƙara na iya toshe shi kana zufa a waje.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka gobe da asuba, tun iska na da sanyi, za mu daure jelar jirgin mu sake tayarwa, ka ga bambancin da idonka. Ka zo da jarka mai ma'auni da agogo. Kafin mu kunna sai mun cire tiyo daga bakin kafireta mun auna abin da famfo ke turowa. Injin nan yana shan sama da lita 60 a awa lokacin tashi, famfon kuma dole ya ba da ƙarin kwata a kan haka. Kai za ka riƙe agogon, kai za ka rubuta.