Ƙullun wasan yara: a saya ko a haɗa a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Yarana uku, kuma makarantarsu ta ce kowa ya zo da ƙullun nan mai launi da ake mulmula siffofi da shi. Na ga ɗan mitsitsi a kanti da tsada, ga shi na san kwana biyu za su bar shi ya bushe. Yaya zan yi? Wata uwa daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Riƙe kuɗinki. Na kantin ma, irin su Play-Doh, tushensa fulawa ce da gishiri da ruwa. Asalinsa da shi ake goge baƙin hayaƙi a bangon ɗaki a Amurka, sai a 1956 aka fara sayar da shi don wasan yara.

Ki auna da gwangwanin madara: fulawa biyu, ruwa biyu, gishiri ɗaya, sai man gyaɗa cokali biyu da ruwan lemun tsami cokali uku. Ki dama su a tukunya tun kafin ki ɗora, don kada ya yi gudaji. Sannan ki rage wuta ki riƙa tuƙawa da muciya kamar tuwo. Da kin ga ya saki jikin tukunya ya dunƙule, sauke. In ya huce ki murza shi da hannu har ya yi sulɓi. In yana manne wa yatsa, barbaɗa fulawa. In yana tsagewa, shafa mai a tafin hannu ki ci gaba da murzawa. Ki raba shi kashi-kashi, ki ɗiga wa kowanne kalar da masu kek ke amfani da ita. Kurkur ma yana ba da rawaya mai kyau, sai dai yana kama riga.

Bayan wasa a mayar da shi roba mai murfi, musamman da hunturu. Ranar da ya yi fumfuna ko ya canza wari, zubar.

Abin da nake roƙonki shi ne ki sa ido kan ƙaraminsu. Gishirin da ke hana ƙullun lalacewa yana da yawa ƙwarai, kuma yana iya yi wa ɗan yaro illa in ya haɗiyi da dama. Mai rarrafe kada ya taɓa shi. In yaro ya ci ya fara amai ko ya yi laushi, a wuce asibiti nan take. Kada kuma a zuba wa kaji ko kyanwa ragowar.

Tambaya: Ni malamar firamare ce. Ina so abin da ɗalibaina suka ƙera ya sandare su kai gida. Wanne ya dace?

Amsa: Malama, naki ba ya bukatar wuta. Fulawa biyu, gishiri ɗaya, ruwa ɗaya, a kwaɓa da tauri. Kada siffofin su yi kauri, don mai kauri yakan bushe a waje ya bar ɗanye a ciki. A shanya kwana biyu zuwa uku ana juyawa, sannan a yi fenti. Amma da damina gishiri yana jan laima, abin ya koma ya yi laushi. A lokacin gara ki nemi yumɓu wajen masu ginin tukwane, irin wanda muka taso muna yin shanu da 'yan tukwane da shi. Yana da araha, kuma in an shanya shi a inuwa ba ya saurin tsagewa.