Amsoshin likita kan zuwa bakin teku a damina da lokacin zafi

Likita, muna so mu kai yara wurin shaƙatawa na bakin teku, ga shi damina ce. In ruwa ya ɗauke za su iya shiga?

Hajiya, ki bari sai an kwana 3 bayan ruwan sama mai ƙarfi. Ruwan da ya malalo daga gari yana kwaso dattin magudanai da kashin dabbobi, wani lokaci har da ruwan masai, ya zuba a teku. Yaro kuwa ba ya wanka bai kurɓa ba. Daga nan sai gudawa da amai, ko ciwon kunne, ko jan ido. Ko ranar da gari ya yi wasai, ku nisanci bakin magudana da inda kogi ya haɗu da teku. Da kin ji tsawa ki fito da su, ku shiga gini ko mota a rufe, don laima da rumfa ba sa kare aradu. Kada a koma sai an yi minti 30 ba a sake jin tsawa ba.

Na iya iyo sosai a kogi. Me ya sa ake ta gargaɗi da teku?

Malam, wannan ce tambayar da ta fi damuna. Igiyar ruwa tana tara ruwa a gaɓa, shi kuma sai ya nemi hanyar komawa ta wani siririn kwari a cikin yashi. Gudunsa yana iya wuce mita 2 a daƙiƙa, wato ya fi ƙarfin gwanin iyo. Abin da ke ruɗin mutane shi ne wurin ya fi ko'ina kama da lafiyayye: ruwan ya yi duhu, igiya ba ta fashewa, kumfa da tarkace na tafiya ciki maimakon su fito. Ya fi yawa bayan iska mai ƙarfi, da kusa da duwatsu ko gadar jirage.

Ba ƙasa yake jan mutum ba, nesa da gaɓa yake kai shi. Gajiya ce ke kisa, saboda mutum ya dage sai ya koma ta inda ya fito. Ka kwanta rigingine ka huta, ka ɗaga hannu ka yi ihu, sannan ka yi iyo a gicciye, kana bin tsawon gaɓa, har ka fita daga jan. In wani ka gani a ciki, jefa masa abin da ke shawagi ka kira ma'aikatan ceto. Jar tuta kuwa ma'anarta kada kowa ya shiga.

Ni baƙa ce, ina buƙatar man kariya daga rana?

Ƙwarai kuwa, baƙar fata ma tana ƙuna. Ki nemi mai lamba SPF (ma'aunin ƙarfin kariyar man) 30 ko sama, babban cokali 2 ga jikin baligi, minti 20 kafin fita, ki maimaita duk awa 2 da bayan kin fito daga ruwa. Gajimare ba ya tare hasken mai ƙuna duka, kuma hasken ya fi kaifi daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Jaririn da bai kai wata 6 ba, inuwa da sutura ne kariyarsa.

Ina da ciwon sukari, akwai abin da zan kiyaye?

Ƙafarka, Alhaji. Yashi mai zafi zai ƙona tafin da jinsa ya ragu ba ka sani ba, don haka kada ka cire takalmi. In da miki a jikinka kada ka shiga ruwa, musamman lokacin zafi, sa'ad da ƙwayar cutar Vibrio ke yaɗuwa a ruwan gishiri mai ɗumi. Miki ya kumbura, ya yi ja, ga zazzaɓi, to asibiti a ranar.