Ka Tambaya Mu Amsa: Manhajar Ta Haɗu A Kwamfutata, Ta Ƙi Haɗuwa A Ta Abokina

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a Zariya, ajin ƙarshe. Mu uku ne muke rubuta wata ƙaramar manhajar lissafin kayan shago da harshen C. Biyu daga cikinmu Ubuntu muke amfani da ita, na ukun kuma yayansa ne ya ba shi tsohuwar MacBook. In muka buga `make`, umarnin da ke haɗa manhajar, a kwamfutocinmu, komai lafiya lau. A tasa sai aikin ya tsaya cak, ta rubuto: `sed: 1: "config.h": command c expects \ followed by text`. Layin da ke cikin Makefile ɗinmu, wato fayil ɗin matakan da `make` ke bi, shi ne `sed -i 's/@SIGA@/1.2/' config.h`. Wani ya ce mu sa `''` bayan `-i`. Da muka sa, tasa ta yi aiki, tamu ta ƙi, tana cewa `can't read s/@SIGA@/1.2/: No such file or directory`. Har mun fara ba shi shawara ya sayar da Mac ɗin. Saura mako uku mu gabatar da aikin. Don Allah a taimaka mana.
Ɗalibinka daga Samaru, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ku ƙyale bawan Allah da kwamfutarsa, lafiyarta ƙalau. Matsalar tana cikin layin da kuka rubuta, kuma gara da ta fito yanzu tun kuna da mako uku, da a ce ta fito ranar da malamin da zai duba aikinku ya gwada shi a tasa kwamfutar.

Ka san in ka aiki yaro kasuwa a Sakkwato ya sayo gujiya, gyaɗa zai kawo maka. Ka aike shi a Kano da kalmar nan ɗin, wani abin daban zai riƙo. Dukansu Hausa suke ji, kari ne ya bambanta. To haka umarnin da muke bugawa a baƙin allo suke. Asalinsu duka Unix ne, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs a 1969. Daga baya zuriyar ta rabu. Jami'ar California da ke Berkeley ta fitar da nata reshen mai suna BSD, kuma daga wannan dangin ne, musamman FreeBSD, kamfanin Apple ya ɗebo yawancin ƙananan umarnin da ke cikin Mac. A 1983 kuma Richard Stallman ya sanar da shirin GNU, aka sake rubuta su sed da cp da date da sauransu daga tushe, aka yi musu ƙare-ƙare masu yawa. Sed na GNU ne ke cikin Ubuntu ɗinku. Suna ɗaya, sed da sed, amma ba uwa ɗaya ba.

Ga abin da ya faru da naku layin. Sed umarni ne na gyara rubutun da ke cikin fayil, a nan kun sa shi ya musanya `@SIGA@` da 1.2. Aikin `-i` shi ne a gyara fayil a inda yake, ba tare da an fitar da sakamakon a allo ba. Dukan sed ɗin biyu suna iya ajiye kwafin tsohon fayil kafin su taɓa shi, in ka faɗa musu ɗafin da za su liƙa wa sunan kwafin. Bambancin a nan yake: sed na GNU yana so ɗafin ya manne da `-i` ba tazara, in bai ga komai manne ba sai ya wuce abinsa. Sed na Mac kuwa duk kalmar da ta biyo bayan `-i` ita yake ɗauka a matsayin ɗafin, ko ta manne ko ba ta manne ba. Saboda haka a kwamfutar abokinku ya haɗiye `s/@SIGA@/1.2/` a matsayin ɗafi, sannan ya juyo neman umarnin da zai zartar, ya tarar da `config.h`. Harafin farko c ne, kuma c umarni ne a sed mai nufin a canza layi. Shi ya sa ya yi ƙorafin nan na "command c" da ya ruɗa ku. Da sunan fayil ɗin da wani harafi ya fara, da saƙon kuskuren ma daban zai zo. Da kuka sa `''` kuma, sai Mac ya gamsu cewa ba a son kwafi, amma GNU ya ɗauki wannan fankon a matsayin umarnin, ya ɗauki ainihin umarninku a matsayin sunan fayil, ya je nema bai samu ba.

Gyara mafi sauri shi ne ku manna ɗafin, don a nan ne su biyun suka yi tarayya:

`sed -i.bak 's/@SIGA@/1.2/' config.h && rm config.h.bak`

Wannan zai fitar da ku yau. Amma in shawarata kuke so, ku rabu da `-i` gaba ɗaya. Ku sake wa fayil ɗin suna ya zama `config.h.in`, ya zauna a matsayin uwa, kada a riƙa taɓa shi, sai ku rubuta:

`sed 's/@SIGA@/1.2/' config.h.in > config.h`

Ina fifita wannan ne saboda wani dalili da ba ku kai gare shi ba tukuna. Da tsohon layinku, ranar farko sed zai goge `@SIGA@` ya sa 1.2. Ranar da kuka koma siga ta 1.3, zai nemi `@SIGA@` bai gani ba, ba kuma zai ce uffan ba, manhajarku ta ci gaba da kiran kanta 1.2. Abu guda da zan ja kunnenka a kai: kada ka taɓa karanta fayil ka zuba sakamakon a cikinsa a layi ɗaya, wato `sed ... config.h > config.h`. Shel, wato manhajar da ke karɓar umarnin da kake bugawa, yana share abin da ke cikin fayil ɗin tun kafin sed ya buɗe shi, sai ka wayi gari da fanko.

Za ka ji wasu na cewa a rubuta `sed -i -e`, wai yana aiki a ko'ina. A ido yana aiki. Abin da Mac ke yi shi ne ya ɗauki `-e` a matsayin ɗafi, ya ajiye maka wani fayil mai suna `config.h-e` a gefe. Na sha buɗe ma'ajiyar aikin matasa na tarar da irin waɗannan fayilolin masu wutsiyar `-e` birjik, an tura su git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen aiki, ba wanda ya san daga ina suka fito.

Tun da kun ci karo da wannan, to akwai 'yan'uwansa a Makefile ɗinku ko a gaba. Wanda ya fi kama da labarin gujiya shi ne `stat`. A GNU girman fayil `stat -c %s` ne, a Mac `stat -f %z`, alhali `-f` ɗin nan a GNU bayanin faifan ajiya gaba ɗaya yake nufi. In girman kawai kake so, `wc -c < fayil` ya ishe ka a ko'ina, sai dai na Mac yakan sa 'yar tazara kafin lambar. `grep -P` babu shi a Mac, mafi yawan lokuta `grep -E` zai biya buƙata. `install -D` da ke ƙirƙiro folda da kansa na GNU ne, ka fara da `mkdir -p` sannan ka kwafa. `readlink -f` ya daɗe babu shi a Mac, sai a macOS 12.3 a 2022 ya shigo, kuma ka ce kwamfutar abokinku tsohuwa ce, don haka ku duba. `nproc` na ƙidaya ƙwaƙwalen kwamfuta shi ma babu, `getconf _NPROCESSORS_ONLN` yana amsawa a duka biyun. Sai wata ɗabi'a da mu masu Linux muka saba da ita har ba ma lura: mukan rubuta `cp folda wuri -r`, zaɓin a ƙarshe. GNU na haƙuri da wannan, ya jawo zaɓin gaba da kansa. BSD da zarar ya ga sunan fayil na farko ya daina sauraron zaɓi, sai ya ɗauki `-r` a matsayin wani sunan. Ka riƙa sa zaɓi a gaba, kuma ga kwafar folda babban harafi `-R` shi ne wanda kowa ya yarda da shi.

Duk waɗannan masu ihu ne, kuma kuskure mai ihu mai sauƙi ne. Wanda ya taɓa cin mini kwana biyu shiru ya yi. Wani ƙaramin kamfani da na yi wa aiki a Kano, Makefile ɗinsu na ɗauko ranar haɗa manhaja da `$(shell date -d ...)` ya liƙa a sunan fayil ɗin da ake kai wa kwastoma. Sabon ma'aikaci ya zo da Mac, `date` ɗinsa bai san `-d` irin na GNU ba, ya yi ƙorafinsa a layi ɗaya wanda ya nutse cikin ɗaruruwan layukan da ke gudu a allo. Shi kuwa make, in umarnin da ke cikin `$(shell ...)` ya faɗi, ba ya tsayawa, fanko yake karɓa ya ci gaba. Aka yi ta fitar da fayiloli masu suna iri ɗaya babu kwanan wata, sabo na danne tsoho, har aka kai wa wani mai shago tsohuwar siga mai matsalar da aka riga aka gyara. Mutumin ya yi asarar lissafin yini guda, kuma har yau in na tuna raina yakan ɓaci, don layi ɗaya ne.

Saboda haka ne nake yawan kiran sunan POSIX a wannan fili. Ma'auni ne da aka yi don dangin Unix su sami abin da suka haɗu a kai, ɓangarensa na shel da umarni ya fito a 1992. Ka ɗauke shi kamar daidaitacciyar Hausa ta littafi da rediyo: ba ta ɗauke da duk gishirin Sakkwatanci ko Katsinanci, amma mutumin Maraɗi da na Bauci duk za su fahimta. Shafukansa na intanet kyauta ne a wurin The Open Group. Kafin ka sa wani zaɓi a Makefile, duba ko yana can. `sed -i` ba ya ciki, `stat` ma gaba ɗayansa ba ya ciki.

Akwai hanya ta biyu, ba zan ɓoye maka ba. Abokinku zai iya sa kayan GNU a Mac ɗinsa ta Homebrew, manhajar sauke kayan aiki a Mac, `brew install gnu-sed coreutils`, su zo da g a gaban sunansu: gsed, gdate, gstat. Manyan ayyuka da yawa haka suke yi, kuma halas ne in an rubuta shi ɓaro-ɓaro a takardar bayanin aikin. Amma ga manhajar da ba ta wuce fayil ashirin ba, ɗora wa kowane mai Mac nauyin sauke kaya da datarsa saboda kun ƙi gyara layi uku, ni ban ga adalci a ciki ba. Ku gyara layukan. Kuma daga yau kada ɗayanku ya tura canji a Makefile sai mai Mac ɗin ya gwada. Kwamfutar da kuka so ya sayar ita ce ma'auninku na kyauta. In aikinku na GitHub, GitHub Actions na iya haɗa shi a Ubuntu da macOS duk lokacin da aka tura canji.

Allah ya ba da sa'ar gabatarwa. Ka rubuto mana yadda ta kaya.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da rubutun umarni da ke farawa da `#!/bin/sh`. In na buga `bash gina.sh` yana tafiya daidai. In make ya kira shi a sabarmu ta Ubuntu sai `-e` ya riƙa fitowa a farkon layukan da `echo -e` ke rubutawa, kuma ya ce `[[: not found`. A kwantenar Alpine ma, wato keɓaɓɓen muhallin da ke gudanar da ƙaramar Linux mai suna Alpine, cewa ta yi babu bash. Ina matsalar take?
Wata ma'aikaciya daga Kaduna

Amsa: Barka kadai, 'yar'uwa. Taki ƙanwar ta sama ce, sai dai a nan shel ɗin kansa ne ya bambanta. Kin rubuta da karin bash, kin kuma sa wa rubutun hular sh. A Ubuntu tun siga ta 6.10 a 2006, `/bin/sh` dash ne, ƙaramin shel mai sauri wanda bai san `[[ ]]` ba, kuma `echo` ɗinsa bai ɗauki `-e` a matsayin zaɓi ba, shi ya sa yake buga shi kamar kowace kalma. Make kuma, in ba ki faɗa masa wani ba, `/bin/sh` yake kira. Alpine da BusyBox take zuwa, shel ɗinta ash ne, bash sai an sa shi da hannu.

Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai. In rubutun gajere ne, ki mayar da shi sh na gaskiya: `printf 'layi\n'` a madadin `echo -e`, `[ "$a" = "$b" ]` a madadin `[[ $a == $b ]]`, ɗigo `.` a madadin `source`. Ki lura da alamun zance da ke kewaye da `$a`, a cikin baka ɗaya dole ne, in ba haka ba ranar da ya zo fanko gwajin zai karye. In kuma da gaske kina buƙatar abubuwan bash, ki sa `#!/usr/bin/env bash` a sama, ki ƙara `apk add bash` a Dockerfile, fayil ɗin da ake gina kwantenar da shi. Ko a nan ma ki sani bash ɗin da ke zuwa da Mac ya tsaya a 3.2, don Apple bai bi sigogin da suka koma lasisin GPL na uku ba, saboda haka `declare -A` da ya zo a bash 4 ba zai yi aiki a can ba.

Kafin ki fara gyara da hannu, ki buga `shellcheck gina.sh`. Zai karanta layin farko, ya ga kin ce sh, ya jero miki duk inda kika yi karin bash da lambar layi. Sai dai shi nahawun shel ya fi sani, ba zai kama miki yawancin zaɓuɓɓukan GNU irin su `grep -P` ba. Waɗannan sai kin gwada rubutun a cikin Alpine ɗin kanta da `sh -x gina.sh`, wanda zai nuna miki kowane umarni kafin ya zartar da shi, ki ga daidai layin da ya tsaya.